Rigar Baba a Cikin Injin Wanki

Injin wankin ya riga Inna, mahaifiyata, zuwa gidanmu da shekara guda. Maigidana ne ya sayo shi na hannu a Katsina, wajen wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki, bayan an yi mini tiyata a haihuwata ta huɗu, likita ya ce kada in ƙara duƙawa a kan baho. A bayan akori-kura aka kawo shi Batsari, an ɗaɗɗaure shi da igiya kamar bijimin da za a kai kasuwa. Matan unguwa suka yi kwana uku suna shigowa kallo. Wata ta tambaye ni ko yana guga, na ce mata a'a, tuwo ma ba ya tuƙawa.

Irin mai ƙofa a gaba ne, zagayayyar ƙofa mai gilashi, kina zaune kina ganin kayanki suna juyawa. Ba mu da ruwan famfo, don haka maigida ya sa aka ɗora tanki a kan bulo, 'yan garuwa su cika shi, aka ja tiyo zuwa bayan injin. Wani tiyon kuma ya fito ya sauka a kwatar tsakar gida. A rumfar gaban ɗakin girki muka ajiye shi, na ɗinka masa mayafi da tsohon zane saboda kaji.

Ban daɗe ba na gane halinsa. Wankin kansa ba ya ba shi wahala. Wajen ɗauraya da matsa, a nan gizo ke saƙa. Sau uku yake ɗauraya: ya zubar da ruwan sabulu, ya ja sabo daga tanki, ya jujjuya kayan, ya zubar, ya sake ja. Daga nan sai matsa, ita kuwa sai da wuta mai ƙarfi. In wutar ta zo rabi-rabi, sai ya yi ta gurnani ya kasa tashi. In kayan suka taru a gefe guda, ya fara gudu, ya tsaya, ya mirgina su a hankali, ya sake gwadawa. Ranar da ya samu yadda yake so kuwa, ƙararsa kamar injin niƙa, yana rawa yana matsawa a kan siminti har sai an dafe shi, kaya su fito saura kaɗan su bushe. Abu ɗaya ne ban taɓa yafe masa ba. Muddin akwai ruwa a cikinsa, ƙofar nan ba ta buɗewa ko za ki mutu. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kayanki sun zama nasa sai ranar da ta dawo, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Kayan makarantar yarana sun taɓa kwana biyu a ciki.

A wani ƙauye kusa da Babban Duhu aka haife ni, a ƙasar Safana, kuma a can iyayena suke har shekarun da zama ya gagara. Da damina 'yan bindiga suka ɗauke Baba, yana noman gero na biyu. Su bakwai aka kora cikin daji daga gonaki daban-daban a safiyar. Daga baya wasu suka dawo ɗaya-ɗaya, ƙafafu a kumbure, ba sa son magana. Ɗaya ya ce ya ga Baba a ranar farko, wani ya ce an raba su a bakin wani rafi. Ba wanda ya ce ya mutu, ba wanda ya ce yana raye. Ba a jima ba aka katse layukan waya a yankinmu duka, sai ya zamana ko masu riƙe da shi sun so kira babu hanya.

Abin da aka samu a gonar rigarsa ce. Al'adar Baba in ya isa gona ya tuɓe rigar fita ya rataye a reshen wata aduwa, ya sa tsummansa na noma. A nan aka same ta tana lilo. Shuɗiya ce, rinin ya koɗe a kafaɗu, wuyan ya yi duhu da zufa, gefen ya sha jar ƙasar gonar. Akwai ɓarin goro a aljihun.

Rigar nan Inna ta ƙunsa a tsohon zane ta taho da ita, ranar da ƙannena suka lallashe ta ta baro ƙauyen. Sauran kayanta duka buhu ɗaya ne, da akushin Baba.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "'yar nan". Maigidana kuwa tsakaninsu kunyar surukai, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta da safe, ta amsa tana kallon bango. Muka ba ta ɗakin da ke fuskantar rumfar. Ƙunshin rigar ta sa shi ƙarƙashin matashinta. Kullum in an kwashe tuwon dare, sai ta ɗauki akushin Baba ta saka malmala ɗaya, ta rufe da faifai, ta ajiye a kusurwar ɗakinta. Da safe ta aika da shi makarantar firamare inda 'yan gudun hijira suke, ta wanke akushin, ta jira yamma. Hatsi na tsada a lokacin, amma maigida bai taɓa ɗaga ido ya dubi akushin nan ba, Allah ya saka masa.

Akwai wata al'ada a wajenmu da ya kamata in faɗa, don ban ga ana yinta a ko'ina ba. Mutumin da ya fita ba a san inda yake ba, ba a wanke tufarsa. Sai an tabbatar ya rasu sannan a tara kayansa a wanke, a shanya, a bayar sadaka. Wankin nan shi ne shaidar cewa gida ya haƙura. Tun kakanninmu ba su shiga Musulunci ba ake yin haka, malamai sun yi wa'azi sun gaji, abin bai fita ba. Ni da na yi boko har na zama malamar makaranta na sha cewa camfi ne. Amma na san abin da ruwa yake nufi in ya taɓa rigar nan, kamar yadda na san sunana.

Inna ba ta ɓoye ƙiyayyarta ga injin ba. Mai ido ɗaya take ce masa. Ranar farko da ta ga yana aiki, ta tsaya daga nesa ta riƙe haɓa.

"Wanga abu mi ya sani game da tsarki?" ta ce. "Ruwan da bai kai tulu guda ba, shi za a wanke kayan salla da shi? Yana juya dauɗa cikin dauɗa."

Na ce mata ai yana zubarwa ya ɗebo sabo har sau uku.

"Ke kika gani, ko faɗa miki aka yi?"

Na nuna mata tiyon da ke sauka a kwata. Daga ranar duk lokacin da na kunna shi sai ta jawo kujerar tsuguno ta zauna inda take ganin gilashin da bakin tiyon tare, tana ƙirga ɗauraya da yatsu kamar mai jiran ta kama ɓarawo. Kullum uku take samu, kullum kuma in na miƙa mata zanenta da hijabinta sai ta kai su baho ta sake ɗaurayewa da hannunta sau uku. Abin yana ba ni haushi, don ruwan sayensa muke yi. Na taɓa ce mata, "Inna, to ki bari in daina sa naki a ciki mana." Ta ce, "A'a, sa. Matsa dai ya iya." Yatsunta sun riga sun kanannaɗe da sanyin ƙashi, ba ta iya murɗe zane kamar da. Sai ya zama ta ɗauraye da hannu, ta kawo mini yana ɗiga, in mayar cikin injin ya matse mata. Iyakar sulhun da suka yi ke nan.

Damina ta wuce, aka yi kaka, wanda ya iya zuwa gona ya girbe abin da ya samu. Wata shida, wata bakwai, babu labari. Ni fa na gaji, kuma ba zan yi ƙarya in ce haƙuri na yi ba. Ina son in yi kukan ubana kamar yadda kowace ɗiya ke yi, a zo a yi mini gaisuwa, in san inda zan ajiye zuciyata. Amma ta yaya zan yi kuka a gidan da kullum ake zuba masa tuwo? In hawaye ya zo mini sai in shiga banɗaki. In maƙwabta suka ce, "Ya jiran Malam?" in ce, "Da godiya," raina yana tafasa.

Wata rana ina share ɗakinta na ɗaga matashin na ɗauko ƙunshin, warin tsohuwar zufa da danshi ya bugo ni. Bakina ya riga hankalina.

"Inna, rigar nan fa ta fara wari. Ko shanya ta a yi a rana."

Ta karɓe ƙunshin daga hannuna a hankali, ta mayar inda yake.

"Warin babanki ne," ta ce. "In ya dawo shi zai ce a wanke."

Na fita ina huci. A tsakar gida na ce wa maigida, yadda na san za ta ji, wai sai yaushe mutane za su yarda da ƙaddara. Ya ce in yi shiru. Na yi shirun, amma maganar ta riga ta fita.

Wanda bai zauna garinmu a shekarun nan ba ba zai gane yadda zuwan wuta yake ba. Sai a yi kwana huɗu, biyar, babu ita. In ta zo ba wanda ya san ko awa ɗaya za ta yi ko rabi. Da fanka ta motsa sai gida ya rikice, wannan ya nufi caji, wannan ya nufi dutsen guga, ni kuma in bi ɗaki-ɗaki ina kwasar wanki da gudu, ba na tsayawa dubawa. A haka na taɓa wanke takardar jarrabawar ɗalibaina a aljihun jaka.

Ranar wata Talata ce da hantsi, muna hutun makaranta. Inna ta shiga maƙwabta gaisuwar rasuwa. Fanka ta motsa. Na kwashi na ɗakina, na kwashi na yara, na faɗa ɗakinta na yaye zanen gado da rigar matashi da duk abin da hannuna ya kai gare shi a kan gadon, na dunƙule, na cusa a injin, na zuba garin sabulu, na rufe ƙofar, na murɗa.

Na daɗe ina tambayar kaina ko na sani. Gaggawa ce, wannan gaskiya ne. Amma na tuna hannuna ya ji wani nauyi a cikin dunƙulen da ba na zanen gado ba, kuma ban tsaya ba. Tsakanin bakin ɗakinta da rumfar taku shida ne. A cikin takun nan shida akwai lokacin da zan iya dubawa. Allah ne kaɗai ya san abin da ke zuciyata a lokacin, ni har yau ban gama sani ba.

Ina wanke-wanke ta yi sallama ta shigo. Kamar yadda ta saba, ta nufi kujerarta don ƙirga ɗauraya. Ban ji ta zauna ba. Da na waiwaya sai na gan ta a tsaye, ta ɗan sunkuya, tana kallon gilashin. Ƙunshin ya warware a ciki. Hannun shuɗiyar rigar yana zuwa ya shafi gilashin ya wuce, kumfa ta rufe shi, ya sake dawowa.

"Buɗe," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba.

Na ruga na danna madannin tsayarwa. Injin ya tsaya. Na ja ƙofar, ta ƙi. Na sani sarai ba za ta buɗe ba sai an zubar da ruwan, amma na yi ta ja kamar mahaukaciya. Da hankalina ya dawo na kai hannu zan murɗa shi zuwa wajen zubar da ruwa, sai 'yar jar fitilarsa ta mutu. Fankar ɗaki ta yi juyi biyu ta tsaya. An ɗauke wuta.

Inna ta zauna a ƙasa, ba a kujerar ba. Na durƙusa gefenta ina cewa ban gani ba, wallahi ban gani ba. Ba ta dube ni ba. Da ta zage ni, da ta mare ni ma, da na ji sauƙi.

Da maigida ya dawo daga sakatariya ya ji abin da ya faru, ya zagaya injin ya rasa ta inda zai kama. Mai gyaran da ya san irinsa yana Katsina, babu waya, kuma hanyar ba ta biyuwa don ƙaramin dalili. Ɗan janaretonmu ba ya ɗaukarsa, mai ma an hana sayarwa a jarka. Daga baya, shekara ta zagayo, mai gyaran ya nuna mini wata 'yar igiya a ƙasan injin, bayan wani ƙaramin murfi, wadda in an ja ta ƙofar ke buɗewa ko babu wuta. Tana nan duk kwanakin nan, taƙi ɗaya daga gwiwar Inna. Rashin sani ya fi dare duhu.

Maigida ya ɗauko guduma. Ya durƙusa daga nesa kamar yadda yake gaishe ta, ya ce, "Inna, in kin yarda in fasa gilashin a ciro ta. Injin ba komai ba ne."

Karon farko ke nan da na ji ta yi masa magana mai tsawo.

"A'a, ɗana. Kada ka ɓata abinka. Ka fasa ka ciro mi? Ruwa ya riga ya taɓa ta."

Kwana uku wutar ba ta dawo ba. Da ta idar da sallar asuba sai ta shimfiɗa tabarma a gaban injin ta zauna da carbinta, ba ta tashi sai salla ko in rana ta kore ta. Yara suka daina wasa a rumfar ba tare da an hana su ba. Rigar ta kwanta a jikin gilashin daga ƙasa, rabinta cikin ruwa, ana ganin ɗinkin wuyan. Kumfar ta mutu tun ranar farko. A rana ta biyu ruwan ya rine ya koma ja, kalar ƙasar gonarmu, da ɗan duhun goro. Ina wucewa da kwano ko tsintsiya ina satar kallonsa.

Ba ta daina zuba tuwon ba. Daren farko ta zuba, dare na biyu ta zuba. Ni nake miƙa mata akushin.

A yammacin rana ta biyu, ina tankaɗe kusa da ita, ta fara magana ba tare da ta juyo ba. Ta ce a kasuwar Batsari Baba ya sayi yadin rigar, shekarar da aka yi auren ƙanwata, ita ta ce masa shuɗin ya yi masa duhu, ya ce ai ba ita za ta sa ba. Ta ce duk wankin da aka taɓa yi wa rigar ita ta yi shi, a bakin rijiya, kuma ba ya yarda a buga masa ita da yawa wai tana saurin mutuwa. Ta ce safiyar ranar ta ce masa ya bari sai an ji labarin hanya, ya ce ciyawa ba ta jiran labari. Tun zuwanta gidan ba ta taɓa ba ni labarin safiyar nan ba sai ranar. Na ajiye rariyar na yi kuka a gabanta, ba ta hana ni ba.

Ranar Juma'a da hantsi fanka ta motsa. Jar fitilar injin ta kama. Na riga shi, na danna tsayarwa kafin ya ɗora, na ce, "Inna, bari in zubar da ruwan kawai in buɗe miki."

Ta ƙura wa gilashin ido. Ni kuwa ina jin tsoron kada a sake ɗaukewa.

"Bar shi ya ida," ta ce. "Ba a barin wanki da sabulu a jiki."

Na saki madannin. Injin ya yi ƙara ya fara zubar da ruwan. Ta juya ta dubi bakin tiyon. Jan ruwa ne ya fito, mai kauri, da warin kwana uku, ya bi kwata ya fice ta ƙarƙashin katanga. Ta bi shi da ido har ya ƙare. Injin ya ja sabon ruwa daga tanki, ya jujjuya, ya zubar. Ta lanƙwasa yatsa ɗaya. Wannan ruwan ja-ja ne, ƙasa tana kwantawa a bakin kwatar. Ya sake ja, ya sake zubarwa, ta lanƙwasa na biyu, ruwan ya yi fari-fari da ɗan shuɗi. Na uku ya fito garau, ana ganin siminti ta cikinsa. Ta riƙe yatsu ukun a lanƙwashe a kan cinyarta.

Sai matsa. Kayan sun jiƙe sun yi nauyi, zanen gadon ya naɗe rigar sun taru a gefe guda. Injin ya fara gudu, ya buga, ya tsaya. Ya mirgina su hagu, ya mirgina su dama, ya sake tashi, ya sake bugawa har ya matsa daga wurinsa. Sau huɗu yana haka. Na san halinsa, in ya gaji yakan haƙura ya bar kayan sharkaf. A karo na biyar da ya tashi yana jijjiga, na yunƙura zan dafe shi, sai na ga ta riga ni. Inna da ba ta taɓa sa masa hannu ba ta miƙe ta ɗora tafukanta biyu a kansa, ta danna da duk ɗan ƙarfinta. Na zo na dafa ɗaya gefen. Jijjigar tana shiga hannuwanmu har haƙora. Sai ya daidaita, ƙarar ta haura ta zama siririya, gilashin ya koma shuɗi ɗaya ba a bambance komai. Muna tsaye a haka, kafaɗarta tana taɓa tawa, har ya sauka a hankali ya tsaya. Bayan ɗan jim ƙofar ta yi ƙas.

Ita ta buɗe. Ta zare rigar daga cikin zanen gadon, ta sa hannu a aljihu ta ciro ɓarin goron, ya kumbura ya yi fari, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ta girgiza rigar ta ɗaga ta ga haske. Duhun wuyan ya fita, jar ƙasar gefen ta fita, shuɗin ya yi haske kamar ba ita ba. Ta kai wuyan hancinta ta shaƙa. Ta juya ta shaƙi hammata. Ta sake komawa wuyan, ta daɗe a nan.

Na jira ta ce a kawo baho, kamar yadda take yi wa kowane tsumma nata. Ba ta ce ba.

"Ta wanku," ta ce. "Ashe ya iya ɗauraya."

Da kanta ta shanya ta a igiya, ta miƙar da hannuwan, ta gyara wuyan. Na bi ta na durƙusa a ƙarƙashin igiyar na ce ta yafe mini. Na so in ce mata ban tabbata kuskure ne ba, harshena ya ƙi. Ta dube ni, ina jin ta karanta abin da ban faɗa ba.

"Tashi," ta ce. "Ke ma ubanki ne."

Kafin la'asar rigar ta bushe, don injin bai bar mata ruwa ba. Ta ninke ta, ta sa hijabi, ta ce in raka ta makarantar firamare. A can ta zaɓi wani tsoho daga wajen Ruma da ke zaune a gindin bango da 'yar shara duk ta yage, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa rigar a gabansa ta ce sadaka ce, ya sa mai ita a addu'a. Tsohon ya tambaye ta yaushe aka yi rasuwar. Ta ce, "Yau."

Maigida ya je wajen limamin unguwa da maganar. Liman ya ce a shari'a ba a shiga takaba sai da tabbas ko hukuncin alƙali, wankin riga ba ya kashe mutum, a ci gaba da addu'a. Da aka faɗa mata ta ce gaskiya ya faɗa, ba ta yi musu ba. Amma ta cire 'yan kunnenta, kuma ban ƙara ganin kwalli a idonta ba. Har ta koma ga Allah ba mu ji labarin Baba ba, har yau ma ba mu ji ba.

Da magariba a ranar Juma'ar na kwashe tuwo kamar kullum. Na jera kwanukan yara, na ware na maigida, na ɗauko akushin Baba na miƙa mata. Ta karɓa ta riƙe shi a cinyarta. Wankakke ne tun safe, amma ta ɗebi ruwa a moɗa ta sake wanke shi ciki da baya, ta goge da gefen zanenta, ta tashi ta kife shi a saman kabad inda muke ajiye abin da ba a amfani da shi. Ta dawo ta zauna ta jawo kwanonta.

"'Yar nan," ta ce, "daga gobe ki rage awon garin. Malmala ɗaya ta ragu."